Ledar da Na Binne a Bayan Ɗaki

A shekarar da nake fafutukar ƙarasa digirina na biyu muna haya a Mahuta da ke Kaduna, a wani gida mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Maigidana yana aiki a wajen gari, sai ƙarshen mako yake zuwa, wani makon ma ba ya samu. Ni kuwa da safe malama ce a wata makarantar kuɗi, da yamma in koma ɗaliba. Gidan na wani dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, kowa Baba yake ce masa. Ɗakin da ke manne da nawa na wata tela ce, ita da 'yarta ƙarama mai surutun tsiya, wadda ta fi zama a falona fiye da nasu. Ni da telar muna shiri sosai a lokacin. In hadari ya taso ba na nan, ita ke kwashe mini shanya.

Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa, yin sa ne ya kusa zautar da ni. Duk wanda ya taɓa ganin kwatar layinmu bayan ruwan farko ya san matsalar ba sai an yi masa lacca ba. Ledar fiya wata, baƙar leda, yagaggen soson katifa, su taru su toshe hanya, ruwa ya juyo ya shigo mana har ƙarƙashin gado. To a cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu, su ne ke mayar da ganye taki, danginsu ne ke sa tuwo ya yi fumfuna in ya kwana biyu. Waɗanda suka daɗe a ƙasar da mai ya jiƙa sun saba da cin mai, ita kuma leda daga mai aka yi ta. Tambayata ke nan: in aka ba su leda, za su taɓa? Na haɗa da soson katifa domin shi yana da ƙofofi, yana lanƙwasuwa, yana riƙe danshi, suna samun wurin shiga su zauna a ciki. Aikin kuma na haƙuri ne kawai. A yanka leda da soso ƙanana, a shanya su a rana su gasu, a auna nauyin kowanne a sikelin ɗakin gwaji, a binne, a jira wata da watanni, a tono, a wanke, a sake aunawa. In ya ragu, wani abu ya ci.

Karon farko a jami'a na binne su, cikin bokitai a ɗakin gwaji. Aka shiga yajin aiki, aka garƙame ginin da kwaɗo. Na yi sintiri har masu gadi suka gane ni daga nesa, suna cewa ga matar bokiti nan ta dawo, amma babu wanda ya yarda ya buɗe mini. Ranar da aka buɗe na tarar ƙasar ta bushe ta zama kamar bulo, rubutun da na yi a jikin kowace leda kuma ya goge, ban san wacce ce wacce ba. Farfesar da ke duba aikina mace ce mai ƙarancin magana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce sashe ya ƙara mini lokaci na ƙarshe, in damina ta wuce ban kawo sakamako ba, ita ma babu abin da za ta iya yi mini. Daga nan na rantse ba zan sake barin aikina a inda wani ke riƙe da makullinsa ba.

Na tafi Rido da buhu da ƙaramin shebur, wajen da tankoki ke fakawa kusa da matatar mai, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin da man da kanikawa ke zubarwa. Suka tsaya suna kallona, ɗaya ya tambaye ni ko miya zan yi da ita. Na ɗebo wata a babban juji a Romi, na ɗebo ta gona wadda ba ta san mai ba domin in sami abin gwadawa. Na sayi tukwanen ƙasa, saboda suna riƙe sanyi kuma iska na ratsa su, na jera su a ɗan lungun da ke bayan ɗakina, na rufe bakinsu da tsohon buhu. Sauran matsalar shaida. Tawada ta riga ta ci amanata, takarda kuwa gara za ta cinye. Sai na leƙa wurin telar na roƙi zaren roba, irin wanda ba ya ruɓewa, ta buɗe gwangwaninta ta ce in zaɓa. Na ɗauki ja na ƙasar Rido, baƙi na juji, fari na gona. Kowace leda da kowane soso na ɗaura masa zarensa, na yi ƙulli ɗaya a na farko, biyu a na biyu, haka har ƙarshe. Na ji daɗin dabarata ƙwarai, har na kira maigidana ina yi masa alfahari.

Kafin in jera tukwanen sai da na nemi izinin Baba. Na ce masa aikin makaranta ne, ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a, shi ma ɗansa ya yi boko. Na lura dai ya ɗauka shuka zan yi, kuma na yi masa bayani iyakar iyawata, yana gyaɗa kai irin na dattijon da ya riga ya gama sauraro. Kullum da safe kafin in tafi aiki nakan yayyafa wa tukwanen ruwa, domin in ƙasar ta bushe halittun sun kwanta ke nan. In ciyawa ta leƙo in cire ta, kada saiwarta ta dagula mini lissafi. Mutanen gida suna wucewa zuwa bayi suna gani. Da farko tsokana ce, matar ɗakin ƙarshe takan ce Malama yaushe za mu ci tumatirin nan. In yi dariya in ce leda ce a ciki, ita ma ta yi dariya don ta ɗauka wasa nake. Da wata ya bi wata babu abin da ya tsiro, ga ni kuma ban fasa ba su ruwa ba, sai tsokanar ta ɗauke.

Jiran nan ya ci mini rai. Sau nawa na tsuguna gaban tukunyar Rido hannuna na ƙaiƙayi, ina son in tona in leƙa ko ɗaya ce. Amma in ka tona ka shigar da iska, ka ɓata gidan da suka gina, ka mayar da aikin baya. Sai in shinshina ƙasar kawai in mayar da buhun. A makaranta yara na rubutu ina tsaye gaban allo, hankalina na bayan ɗaki. In aka yi ruwa mai ƙarfi ina aji, sai in ƙagu in dawo in ga ko ya cika tukwanen. Ban taɓa kula da wani abu a rayuwata kamar yadda na kula da ledar da mutane ke takawa a titi ba.

Damina ta yi nisa, saura ƙiris in tono, sai 'yar telar ta kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi, ya sauka ya dawo, har ta fara shiɗewa tana juya ido. Ni na tare Keke Napep ranar farko, ni na riƙe ta a cinyata har asibiti. Aka ba da magani aka dawo gida, jikin ya ƙi. Sai kakar yarinyar ta wajen uba ta zo daga garinsu domin jinya, tsohuwa mai kaifin ido wadda ba ta wuce abu ba ta tambaya ba. Kwana kaɗan da zuwanta na ga gaisuwa ta canza. In na ce ya mai jiki, a ce da sauƙi a taƙaice, a saki labule. Na kai kunu aka karɓa, da yamma na ga an juye shi a kwata. Na ɗauka tashin hankalin ciwo ne, domin uwar da 'yarta ke shiɗewa ba a tsammanin fara'a a wurinta.

Ranar da abin ya faru muna jarrabawa a makaranta, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga bakin layi na ji warin ƙonanniyar leda, ban kawo komai a raina ba, don a unguwarmu wannan warin kamar gaisuwa ne. Da na shiga gida na ga mutane cirko-cirko a tsakar gida, har da maƙwabtan waje, kowa ya zuba mini ido. Na wuce lungun. An farfasa tukwanen gaba ɗaya, ƙasar Rido da ta juji da ta gona sun cakuɗe, an watsa musu ruwa. A gefe ga wani baƙin dunƙule yana ɗan hayaƙi, ya narke ya manne da siminti. Na tsuguna na taɓa shi da yatsa, da sauran ɗuminsa. Watannina ke nan gaba ɗaya.

A hankali na haɗa labarin daga bakin wannan da wancan. Tsohuwar ce ta fara tambayar wace irin shuka ce ake ba ruwa ba ta fitowa, kuma a jikin bangon da mai ciwo ke kwance. Da safe yarinyar ta sake shiɗewa, sai tsohuwar ta sa hannu a tukunya ɗaya, ta zaro leda ɗaure da farin zare, ga ƙulle-ƙulle a jere. Ta sa a ta biyu ta zaro baƙi. Telar na ganin zaren ta gane nata ne, ta yanke jiki ta faɗi. Aka kira wani malami daga masallacin layi, Baba kuma ya aika aka kira wani dattijon cocinsu. A garin nan da aka daɗe ana kallon juna a kaikaice tsakanin masallaci da coci, ranar dai bakinsu ya zo ɗaya a kan tukwanena. Wannan ya yi addu'arsa, wancan ya yi tasa, aka warware abin da ya warwaru, aka zuba kananzir. Babu wanda ya tuna cewa ina da waya a jaka.

Ban san lokacin da na isa ƙofar telar ba. Ta fito idonta ya kumbura, ta tsaya a bakin labule. Na fara bayani, ina cewa makaranta, sikeli, ƙasa, mai. Ta bari na gama.

"Malama, da zarena," ta ce. "Ke kika zo har ɗakina kika roƙa, na buɗe gwangwani na ce ki zaɓa. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Na ce mata ni na riƙe yarinyar zuwa asibiti. Tsohuwar ta leƙo ta bayanta ta ce ai dama masu yi su ne kan gaba wajen jaje. Ni ma musulma ce, a Makera aka haife ni, na taso ina jin labarin abin da ake binnewa a ƙofar gida da ƙullin da ake tofawa. Na san sarai abin da idonsu ya gani. Abin da ya ƙona mini rai shi ne duk hujjar da na kawo sai ta koma tasu. Na ce ja da baƙi da fari don in bambance ƙasa ne, suka kalli juna. Na ce ƙullin lamba ce, aka ce ai kowane ƙulli da abin da aka ƙulla a kansa. Na ce su zo in kai su wurin Farfesa, wani daga baya ya ce su ma 'yan bokon ai suna yi. Na ɗaga murya a ranar fiye da yadda na taɓa yi, na kira su da sunayen da ba zan maimaita a nan ba, kuma har yau ban ji na yi nadama ba.

Maigidana ya zo washegari, ya zauna da Baba, suka yi magana irin ta maza, ya dawo ya ce in yi haƙuri. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, in gode Allah da ba a taɓa lafiyata ba. Shugaban makarantarmu da labari ya kai masa ya ce in yi haƙuri, in kuma rage zancen a gaban iyayen yara. Kowa haƙuri, kamar wani abu ne da ake aunawa a sikeli a rubuta a babi na huɗu. Na kankare baƙin dunƙulen na sa a leda na kai wa Farfesa. Ta juya shi da bakin biro, na ga ita ma abin ya taɓa ta. Ta ce babu lokacin sake binnewa. Hanya ɗaya ta rage in ina son takardar: in sauya batu, in buga tambayoyi in raba wa mutane, in rubuta ra'ayinsu game da zubar da shara. Haka na yi. Na bi gida-gida a Romi ina tambayar mata ko sun san leda na toshe kwata, suna kallona kamar wadda ta zo tambayar ko wuta na da zafi. Da wannan aka ba ni digirin, kuma ban taɓa buɗe kundin ba tun da aka yi masa bango.

Ita kuwa yarinyar, a yammacin ranar da aka ƙona kayana aka mayar da ita asibiti, aka kwantar da ita, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai. Ta warke sarai, kuma na yi murna har cikin raina, don ina son yarinyar nan. Amma a gidan babu wanda ya ambaci allura. Lissafinsu a miƙe yake: an tono, an ƙona, ta tashi. Aka hana ta shiga falona, in ta hango ni ta ɓuya bayan uwarta. Daga baya telar ta aiko matar ɗakin ƙarshe ta gaya mini wai ta yafe mini duniya da lahira. Na ce a gaya mata na ji. Wannan yafiyar ta fi zagin yi mini ciwo, domin zagi ana iya ramawa.

Ba mu ƙara daɗewa a gidan ba. Ranar da muke kwashe kaya, maigidana ya tafi neman mota, ni ina zaune a kan katifa a naɗe a tsakar gida, sai Baba ya jawo kujerarsa ya zauna kusa da ni. Tun ranar ba mu yi wata magana mai tsawo ba. Ya ce shi bai taɓa ganina da mugun hali ba, kuma da farko ya hana a taɓa tukwanen, ya ce a jira in dawo. Na tambaye shi to me ya sauya masa ra'ayi. Ya murza tafin hannunsa.

"Malama, ni na sa hannu da kaina a wancan na ƙarshe," ya ce. "Na ce bari in gani, in ordinary leda ne, kowa ya koma ɗakinsa. Na ciro soso, ya marmashe a hannuna kamar tsohon burodi. Na ciro ledan, duk ƙananan huji, ya yi laushi, ina ja yana rabuwa. Shekara nawa ina haƙa a gidan nan, ledan da aka zubar tun ana gini, in na tono yana nan yadda yake. Ban taɓa ganin ƙasa ta ci leda ba. Shi ne jikina ya yi sanyi, na ce wannan ba hannun mutum kaɗai ba ne. Ni na ce a kawo kananzir."

Na tambaye shi a hankali ko duka tukwanen haka suke. Ya ce a'a, na sauran da aka zazzage lafiyarsu ƙalau, kamar yau aka sa su, na tukunya ɗaya ne kawai suka lalace haka. Na ce wane launin zare ne a jikinsu.

"Ja," ya ce. "Shi ya ƙara ba mu tsoro."

Ƙasar Rido ke nan. Halittun sun ci. Duk safiyar da nake tsugune ina shinshina ƙasa ina hana kaina tonawa, suna can ciki suna ci. Na sa shi ya sake faɗa mini yadda ledar ta rabu, ya sake faɗa, na ce hujin manya ne ko ƙanana, ya nuna mini da bakin farcensa. Ina tambaya hawaye na zuba, shi kuma ya ɗauka na tuba ne, yana ta cewa ba komai Malama, ya wuce, Allah yana gafartawa. Ban gyara masa ba. Shi kaɗai ne mutumin da ya taɓa riƙe sakamakon aikina a hannunsa, kuma ina son ya ci gaba da magana.